Gawon Baba a Gonar Halliru

Marwan yana tsaye a kan bencin shagonsa na cajin waya a kasuwar Isa, hannu sama, yana farautar sabis. Wata takwas ke nan yana jiran wasan wayar nan, yau kuma da aka turo shi sai ya maƙale a rabi, ba gaba ba baya. Ya ja tsakin da ya sa mai shayin gefe ya waiwayo.

Wasan na noma ne, wani saurayi mai suna Jabir ke haɗa shi a Sakkwato. Bai kai ko'ina ba ya fara talla: duk wanda ya biya tun yanzu, za a sa masa gonarsa a ciki. Marwan ya biya, ya zana gonar mahaifinsa Malam Wada ta Gatawa a takarda, ya tura. Ba son wasa ne ya ja shi ba. Tun da 'yan bindiga suka koro su shekara biyu da suka wuce, Malam Wada ba shi da zance sai gonar, sau biyu ana taro shi a tasha yana ciniki da ɗan kabu-kabu ya mai da shi can. Marwan ya yi tunanin in tsoho yana ganin gonarsa a waya, ƙila ya zauna wuri ɗaya.

Sai bayan azahar wasan ya sauka. Abin takaici, manomin ciki ko fuska ba shi da ita, gero yana tsirowa amma ba a sa girbi ba tukuna. Haka nan ya kai shi gida.

Malam Wada ya karɓi wayar da hannu biyu, ya matso da ita har kusa da hanci.

"Ga rumbuna! Kai, ga 'yar fadamar ma!"

Marwan ya ji sanyi a ransa. Rabon da ya ga haƙoran tsohon nan har ya manta. Amma murmushin bai daɗe ba. A wajensu layin gamba shi ne iyakar gona, ga shi kuwa a wayar ya lanƙwasa, ya bar babban gawo a gonar maƙwabcinsu Halliru.

"Wa ya ba Halliru gawona?"

"Baba, wasa ne fa."

"Wasa? Shekara talatin yana neman iccen ga da baki bai samu ba, yau kai ka biya kuɗi anka ba shi! Gobe ɗiyanshi su nuna ma hakimi, su ce ga shaida."

Marwan ya kira Jabir sau huɗu kafin ya ɗauka.

"Ai Abbas ɗan Halliru shi ma ya biya," in ji Jabir. "Zanenshi daban, naka daban. Ni ban taɓa taka Gatawa ba, mi kake so in yi?"

"Ka gyara yau!"

"Ni kaɗai nike aikin ga, malam. Wanda ya fara kawo hoton iyakar, shi za ni bi."

Ya kashe. Marwan ya bi wayar da kallo, kamar ya maka ta da bango. Da ya juyo, sai ya ga tsohon ya riga ya sa hula, yana laluben takalminsa a ƙarƙashin tabarma. Ya san fuskar nan. Ko an kulle ƙofa, ta katanga zai fita.

"Zamna, Baba. Ni za ni tafi."

Mahaifiyarsa Tasalla ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Gatawa? Hanyar da anka tare mutane shekaranjiya? Kan icce na cikin waya?"

Marwan ya turo babur zuwa zaure, ya buga sau uku kafin ya tashi. Malam Wada ya biyo shi har ƙofa, ya dafa kafaɗarsa. Marwan ya dakata, yana zaton hana shi zai yi.

"In ka isa, ka tsaya daga gabas," in ji tsohon, "don gambar ta fito sosai."