'Ya'ya Talatin da Ɗaya

"Rufe ƙofar nan, kar kowa ya shigo!"

Dakta ya faɗo ofishin matarsa a cibiyar sarrafa bayanai ta jami'a, kwamfuta a hammata, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Kwamitin bincike na can ɗakin taro, sun tashi shan shayi. In ya koma ba amsa, za a ƙwace aikin da ya shekara yana wahala a kai, a miƙa wa Tabarau, abokin hamayyarsa a sashen nazarin zamantakewa.

Matar ko ɗagowa ba ta yi ba. Ita ke horar da malamai yadda ake aiki da tulin bayanai, shi kuwa ya rantse ba zai zauna a aji matarsa na gaban allo ba. Ranar farko kaɗai ya leƙa, ya sha lemo, ya sulale.

"Lafiya, Baban yara?"

"Ina fa lafiya! Tabarau ya miƙe gaban jama'a wai lissafina shirme ne. Ni! Gida dubu ashirin muka bi. Kwamfuta da kanta ta ce a unguwar bayan tasha, in an raba daidai, kowane magidanci 'ya'yansa talatin da ɗaya ne."

"A ciki da falo?"

"Ai abin da ya sa ya zama bincike ke nan!"

Ta jawo kwamfutar, ta bi layin adadin 'ya'ya da yatsa. Biyu, biyar, casa'in da tara, uku, casa'in da tara.

"Wannan mai casa'in da tara fa, shekarunsa nawa?"

Dakta ya leƙa. "Ashirin da shida."

"Lallai ya yi ƙoƙari."

Ya ƙara ƙura wa lambar ido.

"Duk wanda ya ƙi amsa tambaya," in ji ta, "masu shigar da bayanai casa'in da tara suke sa masa, don kar gurbin ya zauna wayam. Cire su ake yi kafin lissafi. Darasin rana ta biyu ne."

Dakta ya zube kan kujera.

"Gyara min don girman Allah, Uwargida. Malama."

"Au, yau ni ce Malama?" Ta tura masa kwamfutar. "Da hannunka za ka yi. Sannan ranar Litinin kujerar gaba, kuma sai ka ɗaga hannu kafin ka yi magana."

"Har a gida?"

"Na gida za mu duba. Danna nan. Ba nan ba, za ka goge duka!"

Yana danna inda ta nuna, 'ya'ya talatin da ɗaya suka koma huɗu.

Haka ya koma gaban kwamiti ya faɗi gaskiya, murya ƙasa-ƙasa. Shugaban kwamiti ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Da ya farfaɗo ya ce aiki na nan hannun Dakta, amma sai ya kawo shaidar kammala horo, da sa hannun Malama. Tabarau ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Dakta ya fito yana hamdala. A bakin ƙofa ya ci karo da wani ƙaton mutum da bai taɓa gani ba, goshinsa manne da filasta.

"Kai ne Daktan da ya yi magana a rediyo makon jiya?"

Shaf Dakta ya manta da hirar nan.

"Daga bayan tasha nake. Uku muka haifa da matata. Tun ranar take cewa in nuna mata inda na ɓoye sauran ashirin da takwas." Ya shafa filastar. "Taso ka yi mata bayani. Ba ni kaɗai ba ne, sauran na ƙasa, mota biyu muka yi."