Fuskar Baba a Farantin Tagulla

Wana Lenaert ya sayar da Baba. Haka zan faɗa, kowa ya ji haushi ya ji.

Hoton Baba guda ɗaya ne a duniya, wanda aka zana a farantin tagulla shekarar da ya zama shugaban masu gadin birnin Antwerp: takobi a ƙugu, sarƙar girma a wuya, tambarin gidanmu mai shamuwa uku a ƙasa. Takardun da aka buga da shi duk danshi ya cinye su. Farantin kaɗai ya rage, shi ne wannan marar kunyar ya ɗauka ya miƙa wa Snoeck mai sayar da busasshen kifi.

Snoeck ya yi kuɗi, asali ne babu. Ɗansa na neman aure a gidan manya, an ce a kawo hoton kaka. Shi ne Snoeck zai sa a kankare kan Baba a ɗora na ubansa, mutumin da har ya mutu ƙarni bai bar hannunsa ba.

Ko mayafi ban tsaya ɗauka ba na nufi shagon Balten mai zanen tagulla. Na tarar da farantin a kan tebur. Takobi na nan, shamuwa na nan, sama da wuya kuwa fayau, sai ƙyalli. Na zage shi tas, har masu juya injin buga takardu suka tsaya. Ya ce in yi haƙuri, aikin yau da kullum ne, kan sarakuna ma suna canzawa.

Na fizgi ƙarfen zanensa na caccaki tambarin nan har ko shamuwa ɗaya ba ta ganuwa. In ya ga dama, Snoeck ya je ya zana kifi a wurin.

Balten bai hana ni ba. Da na gaji, tsohon ya jawo farar takarda, ya ɗauki baƙin alli.

"Zauna, 'yata Mayken. Shekara talatin ke nan da na zana shi, na manta shi. Faɗa min kamanninsa in mayar miki da shi."

Na ce yana da gemu. Ya ce kowa na da gemu a lokacin.

"Hancinsa fa? Bakinsa?"

Na buɗe baki. Ina jin muryarsa, ina jin warin tabarsa, amma fuskar ta ƙi zuwa. Shekara da shekaru ina goge farantin nan duk Asabar, ashe tambarin nake kallo.

Balten ya jira ni har allin ya gaji da hannunsa, ya ajiye.