Randar Bakancen Memunatu

A shekarar da yajin aiki ya tsayar da ƙasar Togo, Memunatu mai zanen tukwane tana zangon Sokode, ɗanta Karim kuwa yana Lome, inda harbe-harbe suka yawaita. Ta yi bakance cewa idan Allah ya dawo mata da shi lafiya, za ta kai randa masallacin unguwa domin masu azumi su sha ruwa mai sanyi. Allah cikin rahamarsa ya amsa, Karim ya iso gab da ganin watan azumi.

Randunan da matan zango ke yi wa ado aikin matan ƙabilar Moba ne, daga garin Dapaong na arewa ake kawo su tare da jar ƙasa da farar ƙasa ta zane. Tun da motoci suka daina saukowa, kayan suka yanke. Randa ɗaya ta rage wa Memunatu, ƙasar zane kuma ta ƙare, sai ta ɗauko fentin mai da ake shafa wa ƙofa. A al'adarsu wuya da kafaɗa kaɗai ake zanawa. Amma godiya ta cika mata zuciya, ta ga bai dace a bar wani gefe fili ba a abin da za a kai ɗakin Allah. Ta zane ta daga baki har gindi, shuɗi da kore, zanen da ba ta taɓa yin irinsa ba.

Ranar azumin farko da magariba Liman Garuba ya kurɓi ruwan randar a masallaci, ya yi hamdala, ya ajiye moɗa bai ƙara ba. Washegari Amariya, abokiyar sana'arta da ta girme ta, ta je ta shafa randar, ta dawo tana dariya.

"Memuna, kin sa wa randa rigar leda! Ta ina za ta yi gumi?"

"Yaya, duk Sokode akwai mai kyanta?"

"Babu. Ruwanta kuwa ganyen shayi kawai yake jira. Malam kunyarki ya ji. Kyau kika yi wa Allah alkawari, ko sanyi?"

Tun tana yarinya Memunatu ta san randa ba ta sanyaya ruwa sai jikinta ya tsattsafo. Wata randar kuma babu, hanyar Dapaong a rufe take.

Bayan azahar ta sa aka ɗauko mata ita. Ta zauna gindin mangwaro da tsingaro da yashi, da azumi a bakinta, ta yi bisimilla ta fara kankarewa. Amariya ta zo da nata tsingaron, ta zauna ba ta ƙara tsokana ba. Fentin ya shiga jiki, sai da suka ci fatar yumɓun. Da suka kai kafaɗa Amariya ta riƙe mata hannu.

"Ya isa. Bar wa kanki wuyan."

Randar ta koma masallaci jikinta duk karce. Kashegari da la'asar aka ga danshi ya bayyana a jikinta. Da aka kira magariba, Liman Garuba ya shanye moɗa, ya sake miƙa hannu.