Inda Aka Binne Cibiyar Iya Tabawa

Daren jiya barci ya sace ni da littafin tarihin mulki kife a ƙirjina, sai na yi wani mafarki.

Na gan ni a garinmu, sai dai ruwan sama daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Kowa ya juya laimarsa ƙasa, kai a bushe, ƙafa a jiƙe. Ba wanda ya yi mamaki, ni ma ban yi ba.

A tsakar gida na tarar da kakata, Iya Tabawa, tsohuwar ungozomar unguwarmu, wadda ta raine ni tun ban san sunana ba. Tana tsintar shinkafa a faifai, amma tsakaninta da tabarma ya kai taƙi guda.

"Iya, ina za ki?"

"Ina fa za ni, angon banza? Wai sabuwar doka aka yi. Duk wanda ba shi da takardar shaidar asali ba shi da nauyi. Da an kira la'asar ruwa zai tafi da shi."

Na ɗaga kai. Can cikin gajimare na hango Malam Ɗanlami tela, wanda ya shekara talatin yana ɗinka mana kayan salla, yana ta taka kekensa, ƙafar wando na reto.

Gadon bayan matar nan shi ne ƙasar da na fara sani a duniya, tun kafin in ga taswira. Na rantse a raina ko gari zai tashi dukansa, ita ba za ta tashi ba. Na kwance igiyar shanya, na ɗaura mata a ƙugu, na naɗe ɗaya bakin a wuyan hannuna.

"Kai Sabi'u, miji ne kai ko makiyayi? Ka ɗaure ni kamar tunkiyar layya."

Sai ga mu a sakatariyar Ƙaramar Hukumar Gabas da Rafi. Wata jar akuya mai tabarau ce a kan tebur, tana cin fayil.

"Ranki ya daɗe, takardar asali muke nema wa tsohuwa."

"A ina aka binne cibiyarta? Abin da doka ta tambaya ke nan."

"Gindin tsamiyar bakin rafi," in ji Iya daga kusa da fanka. "Uwata ce ta nuna mini wurin da yatsanta."

Akuyar ta lumshe ido ta yi tuƙa, don a nan ƙasar haka ake binciken tsofaffin takardu. Can ta ce, "Tsamiyar nan ta daɗe da barin hannunmu. Ku tafi Yamma da Rafi."

A Yamma da Rafi bunsuru ne, gemunsa duk tawada. Bai ko ɗago kai ba.

"Gindin namu ne, saiwar tasu ce. Cibiya kuwa wajen saiwa ake binne ta. Ku koma Gabas."

Da muka fito, Iya ta wuce tsayin katanga. Na ce ba zan koma ko'ina ba sai na ga iyakar nan da idona.

A bakin rafi na same ta: wata farar igiya ce kwance a ƙasa, ta kewaye tsamiyar, tana numfashi a hankali.

"Ka gan ta nan," in ji Iya daga cikin rassa, tana tsinkar tsamiya tana zubawa a haɓar zane. "Ina yarinya tana can bayan dutse. Mai hular kwano ya zo da masu awo ya jawo ta nan. Bayansa mai kaki ya matsar da ita da tsinin sandarsa a kan takarda, bai taɓa shan ruwan garin nan ba. Sai mai babbar riga ya ƙara jan ta don kasuwa ta faɗa ɓangaren surukansa. Ni dai ban motsa ba. Sau nawa ina kwanciya 'yar gari, in tashi baƙuwa."

Na sunkuya na kama iyakar da hannu ɗaya, na ja iya ƙarfina. Ta sulluɓe, ta juyo ta dube ni.

"Sai da sa hannun ciyaman," ta ce.

Zauren majalisa cike yake da kansiloli, awaki ne duka, suna barci kowanne ya ɗaga ƙafa ɗaya sama, saboda kada a zo jefa ƙuri'a a tashe su. Ciyaman ne kaɗai mutum. An kafe kujerarsa da ƙusoshi, aljihunan rigarsa sun kumbura har suna jan kafaɗunsa. Iya ba ta shigo ba, ta riga ta wuce saman ƙofa. Igiyar ta bi ta taga, tana cin fatar hannuna.

Na yi jawabi. Wallahi na yi jawabi! Duk abin da na taɓa karantawa ya taso mini. Na ce mutane ne suka riga doka zuwa garin nan, don su aka yi ta. Na ce matar da ta karɓi haihuwar rabin gari ba za ta zama baƙuwa a cikinsa ba. Hawaye na fita daga idona suna hawa goshina. Da na gama, wani kansila ya farka, ya ciji gefen rigata, ya koma barci.

"Samari, ka iya magana," in ji ciyaman. "Amma doka doka ce. Jiya na sa mata hannu, yau kuma in janye? Me za a ce da ni?"

Daga masallaci na ji ladan yana gyaran murya a lasifika. Dugadugaina suka bar ƙasa. Na tokare ƙafa a jikin tebur, na ƙara naɗe igiyar.

Sai kan Iya ya leƙo ta saman taga, a juye.

"Sabi'u, muryar wa nake ji kamar ta Mamuda, ɗan farin Hansai?"

Ciyaman ya gyara hula. "Hajiya, a nan Mai Girma ake ce mini."

"Mai girman gidanku. Da kuka zauna yin dokar cibiya, ba wanda ya tambayi mace ko ɗaya? Kun manta da goyon ciki? Mai cikin fari gidan iyayenta take tafiya ta haihu. Uwarka Tudun Maƙera ta tafi, can hayin dutse, aka zo aka ɗauke ni a keke. Ni na yanke cibiyarka, ni na binne ta a bayan rumbun kawunka. Ko kusa da iyakarku ba ta yi ba."

Ɗinkin aljihun ciyaman ya ɓalle, duwatsu suka zubo, manya da ƙanana. Ya tashi a hankali, yana zaune yadda yake, har ya kai ga fanka ya rungume ta. Kansiloli uku, duk 'ya'yan fari, suka bi bayansa ba su farka ba.

"Iya, ki rufa mini asiri!" Ya dube ni. "Miƙo takarda, yanzu zan rubuta mata shaida. Ita kaɗai, ba sai kowa ya ji ba."

Ladan ya fara kabbara. Ƙafafuna duka biyu suna iska, hannuna ya mutu. Takarda ɗaya, Iya ta sauko, mu tafi gida. Na so in ce to. Sai na jiyo ƙarar keken Malam Ɗanlami tana nisa, tana nisa.

"A'a, ranka ya daɗe. Dokar za ka soke."

"Yaro, za ta tafi fa!"

"Tare za ku tafi. Ni ma ina riƙe da ita."

"Ka ji angona," in ji Iya. "Yau ka ci tuwo da man shanu."

Na zaro biro daga aljihuna, ya ƙwace shi. Da yake babu tebur a can, a jikin silin ya rubuta: an soke.

Ruwan ya tsaya cak a tsakiyar iska kamar mai tunani. Sannan ya juyo. Ɗigon farko ya faɗo a kan teburin ciyaman, ɗis. Na biyu, ɗis.

Ɗis, ɗis. Na buɗe ido. Rufin ɗakina ne ke yoyo cikin bokiti, igiyar gidan sauro ta naɗe mini wuyan hannu. Iya ta ɗaga labule da ludayi a hannunta.

"Angon banza, ba yau ka ce za ka koma sakatariya ba? Tashi, kokonka zai huce."

Ƙafafunta na fara dubawa. Suna nan a ƙasa, da fasonsu, sun taka daɓe sosai.