Matakala Arba'in da Biyu

Tun ranar da sunan Tela ya fito cikin waɗanda suka sami gida a sabuwar unguwa mai sauƙin kuɗi, bakinsa bai sake rufuwa ba. Ko facin wando ka kawo sai ka sha labari. Ya shimfiɗa zanen gidan a teburin yanka kamar yadi, ya bi shi da tef da alli: nan keken ɗinki, nan gadon Inna mahaifiyarsa, nan labule.

Matarsa ce mai taka masa burki.

"Maigida, wurin nan fa da nisa. Mota biyu za ka hau kafin ka iso shago."

"Famfo a cikin gida, uwar 'ya'ya! Ki murɗa ya zubo!"

"Ɗakunan kuma kamar akwatin ashana."

"Akwatin ashanar namu ne. Ba mai buga mana ƙofa ya ce ya sayar da gidansa."

Ta yi dariya, don ita ma a zuci ta riga ta tare.

Ranar sa hannu suka tafi su uku, shi da matarsa da Inna. Fenti na ƙamshi, tituna a miƙe, Tela har yana gaida mutanen da bai sani ba, wai maƙwabta. Ma'aikacin da ke raba makullai ya duba takarda, ya ɗaga yatsa sama.

"Naku yana hawa na uku."

Tela ya bi yatsan da kallo. Ya auna komai a kwance, yadda ya saba da yadi, bai taɓa tambayar tsayi ba. Ga Inna shekara biyu ke nan tana dogara sanda saboda ciwon gwiwa.

"Ba musanya, malam?"

"Na ƙasa duk an bayar. In ba ku so, mutane na layi."

Tela ya kalli benen, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya soma naɗe tef ɗinsa. "Inna, mu koma. Gidan da ba za ki iya hawa ba, ba gidana ba ne."

"Riƙe mini takalma," in ji Inna.

Ta kama ƙarfen gefe ta fara hawa, tana hutawa a kowace kwana, leɓunanta na motsi. Tela na binta hannu a buɗe, ya ɗauka addu'a take yi. Da suka kai, ko ɗakin da ya zana mata da alli ba ta leƙa ba. Kicin ta nufa, ta murɗa famfo, ta tara hannu biyu tana haki.

"Arba'in da biyu," ta ce. "Daga ƙofarmu zuwa famfon layi kuwa taku ɗari uku da goma ne. Sau shida a rana 'yar nan take yin su, da bokiti a ka. Ina zaune ina ƙirga mata, kai kana can kana auna wuyan mutane."

Matar Tela ta juya wajen taga tana share ido da gefen mayafi.

"Sa hannu," in ji Inna. "Ni ba kullum zan sauka ba. Ita ta huta."

Ma'aikacin da ya biyo su ya kawo takarda, Tela ya laluba aljihu don biro, sai ya zaro alli. Matarsa ce ta fito da biro daga jakarta. Tun safe yake ciki.