Na Uku Bai Fito Ba

Kaumi ya sauko daga motar Gwiwa a tashar Kazaure hannunsa dafe da aljihun gaba, wanda duk ya gan shi sai ya ɗauka cinikin riɗin shekara ya ɗauko. Ba kuɗi ba ne. Littafi ne ɗan siriri, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi, an liƙe bayansa da salatif: Rijiyar Gidan Sarkin Fawa, na biyu. Tun rasuwar matarsa Zulaikha littafin yake ƙarƙashin matashinta, an yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, bai iya ɗaga matashin ba sai yau.

Shi dai Kaumi ɗan kasuwa ne, riɗi da gero yake saye yana sayarwa. Karatun allo ya yi shi da kyau, amma boko idan ya kama, kafin ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa. Zulaikha ce mai karatu. Da fari ma dariya yake mata, yana cewa littattafan zaman banza ne. Sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, tana gefensa tana karatu a fili, kunnensa ya faɗa kan Dubagari Tanimu. Tsohon ma'aikacin tsafta ne a cikin labarin, ya yi ritaya, ba shi da bindiga ba shi da mota, sai ƙaton ludayin da yake leƙa randunan mutane da shi. Idan an yi kisa a gari 'yan sanda su yi ta zarya, shi kuwa ya shiga gidan ya duba kwata da juji, ya fito ya san wanda ke ƙarya. Kafin zazzaɓin ya sake shi, Dubagari ya kama shi.

Sun cinye littattafan Dubagari da dama lafiya lau. A kan rijiyar nan ne aka samu saɓani. An tsinci gawar Sarkin Fawa a rijiyar gidansa, Kaumi ya ce ƙanin mamacin ne ya tura shi, Zulaikha ta ce direbansa ne. Musun nan ya ci damina guda. Mutumin da a da sai an kira magariba yake rufe rumfa, sai ga shi da la'asar sakaliya ya shigo gida da sabuwar hujja. Duk ranar da ta je asibitin Kazaure ganin likita, tana dawowa kafin ta cire hijabi zai tambaya. Amsar ɗaya ce: “Na uku bai fito ba, Malam.”

Maganar ƙarshe da suka yi tana cikin ƙarfinta ita ce ke cin ransa. Ya ce mata, “Ke dai karatu kika iya, hankalin bincike kuwa sai mu.” Ta yi dariya kawai. Da wasa ya faɗa, amma wasan da ba ka samu damar janyewa ba nauyi gare shi. Abin da ya kawo shi Kazaure ke nan. So yake a ce ita ce da gaskiya, ya amsa ya faɗi, ko da ba ta nan ta ji. Tun daga Gwiwa yake ta maimaitawa a zuciyarsa, Allah Ya sa direban ne.

Shagon hayar littattafan yana wani lungu bayan tasha, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da zoɓo. Mai shi Hajiya Amarya ce, wadda ta yi jikoki amma sunan ya ƙi sakinta. Yanzu da kowa ke karatu a waya, shagon ya koma majalisa: a karanta a can, a zo nan a yi gardama. Kaumi ya yi sallama, ya tarar da gardamar ta yi nisa.

“Barista Hindatu ta fi,” in ji wata budurwa mai baƙin hijabi, Nafisat, ɗalibar kwaleji. “Ita ba ta dogara da sa'a. Tambaya uku za ta yi maka a kotu, ka kama kanka da bakinka.”

“Littafin nata duk surutu ne,” wani ƙaƙƙarfan saurayi ya amsa, makullin Keke Napep na lilo a yatsansa. Babagana sunansa. “Ki nemi Inuwar Kan Iyaka. Buhunan sefa, hanyoyin daji, mutum ya kwana ɗan kasuwa ya tashi gawa. Da ina karanta kashi na uku ma na ajiye fasinja a inda ba nan ya ce ba, saboda hankalina na can.”

Na ukunsu, Shafi'i, ma'aikacin ɗakin magani ne da ya fito hutun rana. Ya matsa wa Kaumi a benci. “Bismillah Baba. Raba mu da yaran nan. Duk wanda ya rubuta bincike a ƙasar nan, a bayan mai Dubagari yake. Ba ya ɓoye maka komai. Zai ajiye hujjar a gabanka tun shafin farko, ka tsallake ta da ƙafarka.”

Kaumi bai san sanda bakinsa ya buɗe ba. “Kamar tokar nan da aka zubar a ƙofar gida a Gawar Ranar Kasuwa.”

“Yawwa Baba, ashe namu ne,” in ji Shafi'i.

“Sai da aka kai ƙarshe na tuna an faɗe ta tun farko,” in ji Kaumi. “Ranar ko tuwo ban iya ci ba don haushin kaina.”

Suka yi dariya gaba ɗaya, har Nafisat ta yarda cewa a tokar nan kam an yi gwaninta. Kaumi ya ji wani sanyi a ransa. Bai taɓa zaton akwai wasu mutane a duniya da suka san Dubagari ba, ban da shi da Zulaikha.

Ya zaro littafin ya miƙa wa mai shagon. “Hajiya, wannan na dawo da shi. Na zo in ji ko na ukun ya fito.”

“Na uku?” Shafi'i ya ce. “Ai tun bara ya fito, Baba. Mu har mun gama zagin juna a kansa.”

“Tun bara kuma?”

Hajiya Amarya ta karɓa. Juya littafin take yi, tana shafa salatif ɗin da babban yatsa. “Wannan liƙin na san shi. Kai ne maigidan Zulaikha ta Gwiwa. Ina mutuniyar tawa? Kwana biyu ta yi mini nisa.”

“Allah Ya yi mata rasuwa, Hajiya. Har an yi arba'in.”

Hajiya Amarya ta yi salati a hankali, ta ja bakin gyalenta ta rufe fuska. Aka yi addu'a, aka shafa. Babagana ya daina kaɗa makullinsa.

Bayan haka Hajiya Amarya ta dubi Babagana. “Kai har yanzu kana na biyu a Rijiyar, ko? Tashi ka sha iska.”

Dokar shagon ce, kuma tsohuwa: ba a fasa ƙwan littafi a gaban wanda bai gama ba. Wanda ya karya, mako guda ba ya zama a bencin. Babagana ya fita ba musu, har da toshe kunne da tafin hannu.

“Malam,” in ji ta, “a nan inda kake zaune ta karanta na ukun. Ta fito daga asibiti tana jiran mota, na miƙa mata shi yana sabo. Ba ta ɗaga kai ba sai da ta kai bango. Mota biyu ta tashi ta bar ta.”

Kaumi ya dube ta. “Ta karanta?”

“Tas. Da ta rufe sai ta yi ta dariya ita kaɗai. Ta ce, ‘Hajiya, kin ga mutumin nan ya canka daidai. Ƙanin ne. Tun na ɗaya ya faɗa, ni da nake karantawa ban gani ba.’ Wallahi yadda take faɗa, sai ka ce ita aka yi wa kyauta.”

Ƙanin ne. Ya yi nasara ke nan, kuma bai taɓa jin nasarar da ta yi masa ɗaci haka ba.

“To me ya hana ta kawo mini?”

“Na tambaye ta. Na ce ki kai masa mana ya ji daɗi. Ta ce a'a. Ta ce tun da aka kai ta gidanka ba ta taɓa ganin ka shigo rana na sama ba, sai da musun nan ya zo. Idan ta kai na uku, ka ci, magana ta ƙare, ka koma rumfa sai magariba. Ta ce gara ta riƙe direbanta.” Hajiya Amarya ta share ido. “Duk zuwan da za ta yi sai ta zauna nan ta nemo wa direban nan sabon laifi. Har ni nake taya ta.”

Kaumi ya tuna hujjojin. Takalmin direba da aka gani da laka. Man motar da ya ƙare ba dalili. Yadda take kafewa tana buga cinya, shi kuma yana ta haƙilo yana jin kansa gwani. Ashe duk daminar nan tana zaune da amsar a cikinta tana kallonsa. Dariya ta ƙwace masa, kafin ta ƙare ta koma wani abu daban. Ya cire hula ya sunkuyar da kai. Nafisat ta juya tana duba kantar littattafai kamar mai neman wani littafi, Shafi'i ya ƙura wa wayarsa ido. Sun kyauta masa.

Wace irin mace ce wannan, ya ce a ransa. Ya zauna da ita shekara da shekaru yana ganin ya fi ta wayo. Kewarta ta taso masa, da alfahari da ita, har bai san wanda ya fi yawa ba.

Hajiya Amarya ta zaro na ukun daga kantar littattafai ta ajiye a gabansa. Ya dube shi, bai ɗauka ba.

“Bar shi a nan, Hajiya. Ta ce bai fito ba.” Ya mayar da hularsa. “Wani nake so. Ina da yarinya, Halimatu Sadiya, tana sakandare. Tun rasuwar nan daga makaranta sai ɗaki. Ina kwana, ina wuni, shi ke nan zancenmu. Wanne za ku ba ni wanda za ta karanta mini?”

Nan take majalisa ta farfaɗo. Aka kira Babagana ya dawo, ya ce Inuwar Kan Iyaka, aka ce masa jini ya yi yawa. Shafi'i ya kawo wani Dubagarin, Nafisat ta girgiza kai.

“Muryar mamanta za ta riƙa ji a ciki. Ku ba ta Barista Hindatu, wanda ba su taɓa yi tare ba. Makullin Sito, Baba. Kashi huɗu ne, kuma kowane kashi sai ya canza maka wanda kake zargi.”

Shafi'i ya sosa ƙeya. “Gaskiya wannan ɗin ya ƙeru. Ko ni sai a na huɗu na gane.”

Aka haɗo masa na ɗaya da na biyu. Ya sa a aljihu, ya miƙe, sai kuma ya tsaya a bakin ƙofa.

“To a Makullin Sito ɗin, wa ya yi kisan?”

“Haba Malam,” in ji Hajiya Amarya. “Ka dai ji dokar shagon nan.”

“Ba don in ci nake tambaya ba, Hajiya.”

Ta dube shi. Sannan ta yi wa Shafi'i alama da kai. Shafi'i ya taso ya raɗa masa a kunne: akawun mamacin ne.

“Akwai direba a ciki?”

“Akwai, Baba. Amma bawan Allah ne, ba ruwansa.”

“Madalla.”

Ya iso Gwiwa rana ba ta yi sanyi ba. Bai bi ta rumfa ba. Halimatu Sadiya ta yi mamakin ganinsa, ta gaishe shi daga bakin ƙofar ɗaki tana shirin komawa. Ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, inda aka saba, ya miƙa mata littafin.

“Zo ki taimaki tsoho. Kin san ni da boko.”

Ta yi tsaye tana kallon tabarmar. Sannan ta zo ta zauna a gefe, can baki. Ta fara karantawa murya ƙasa-ƙasa, sai ya kasa kunne yake ji. Aka tsinci gawar wani attajiri a sitonsa, a kulle ta ciki. Barista Hindatu ta iso. Sannu a hankali muryar ta fara buɗewa, har ta soma canza ta idan wani ya yi magana, yadda uwarta take yi. Wajen babi na biyar ta dakata, yatsanta a kan layi.

“Baba, ni akawun nan ban yarda da shi ba. Ya cika kuka.”

Daɗi ya kama Kaumi. Abin da ya ɗauki ma'aikacin ɗakin magani kashi huɗu, ita ta hango shi a babi na biyar. Ya gyara zama, ya ɗaure fuska.

“Wane akawu? Ke dai karanta kawai. Direban ne.”

“Direba kuma?” Ta ajiye littafin a cinya ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi. “Baba, direban da ba ya ma garin ranar?”

“Shi ya ce ba ya gari. Wa ya gan shi?”

Ta koma baya tana bincike shafukan da sauri, tana cewa ya tsaya, ya tsaya ta nuna masa. Kaumi ya jingina da darbejiya yana jira. Gobe ma da la'asar zai rufe rumfa, sai dai ya kwana da shirin nemo wa direban nan sabon laifi.