Wayoyin Dokita Zelia

Mutawakilu tela ne a unguwar Maamobi, shekarunsa hamsin da biyu. Tun da ciwon sukari ya kama shi, ƙarfinsa na namiji ya yi ta raguwa har ya ɗauke gaba ɗaya. Shekara biyu bai faɗa wa kowa ba. Ya sha saiwoyin da ake talla a cikin motocin haya na trotro har ya gaji, babu canji.

Wata Talata da safe ya ce wa matarsa Sahada zai je kasuwar Makola sayen yadi, sai ya zarce wani ƙaramin asibiti. Likitar da ta duba shi, Dokita Zelia, ta ce akwai hanyar da za a gwada, ko da yake ba ta yi masa alkawarin warkewa ba. Za a manna masa wasu ƙananan faifai a ƙasan mara, a riƙa sako lantarki kaɗan-kaɗan don a tayar da jijiyoyin wurin.

Da ta jawo na'urar ya ga wayoyi ja da baƙi, sai ya ja da baya. Ya taɓa ganin wayar lantarki ta kashe wani makaniki a unguwar Nima, a gaban idonsa.

"Dokita, lantarki? A can ɗin?"

Bai tsaya jin amsa ba, ya fice.

Sahada tana tsakar gida tana tsince waken sana'arta a tire ta gan shi ya shigo hannu wofi, gumi ya jiƙa masa riga. Ta matsa masa da tambaya har ya faɗa mata komai, idonsa a ƙasa. Tiren ya suɓuce mata, wake ya watse. Ta ɗago ta kalle shi.

"Maigida, shekara biyu ina zaton ni ce na tsufa a idonka. Har man bilicin na saya a ɓoye."

Wannan ya girgiza shi fiye da wayoyin. Sai yanzu ya lura da tabon da man ya bari a wuyanta. Ya durƙusa yana taya ta kwashe waken.

Ranar Alhamis ta saka mayafi ta ce tare za su koma. A ɗakin likita ta naɗe hannun riga, ta roƙi a fara manna mata faifan a damtse. Dokita Zelia ta kunna. Sahada ta ɗan zabura, sannan ta ce kamar tururuwa ce ke yawo a ƙarƙashin fata. Mutawakilu ya yi bismilla ya hau gadon, ya damƙe gefensa har farcensa ya yi fari.

Sau biyu a mako yake zuwa. Wata guda ya wuce shiru, ya so ya daina, Sahada ta hana. A mako na tara abin ya fara dawowa, ba kamar na ƙuruciya ba, amma ya dawo. Da suka shaida wa likitar, ta rubuta a katinsa, ta ce kada ya fasa zuwa, kuma daga yau kokonsa na safe babu sukari.